Ra'ayinmu: Digiri ba ya biyan kuɗin mota

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Gure da sassafe ya san yadda ma'aikatan wannan yanki suke fara yini. Kafin rana ta ɗaga, malamin makaranta ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ma'aikaciyar asibiti tana bakin titi tana jiran motar da za ta rage mata hanya, masu lambu daga Gidimuni kuwa sun riga sun loda rake da kabeji da albasa sun nufo Mirriya da kasuwar Dole. A cikin birni, daga Zango zuwa Birni zuwa Garin Malam, 'yan kabu-kabu da masu adaidaita sun fito tun bayan sallar asuba. Idan ka hau bayan ɗaya daga cikinsu, hira ta yi daɗi, kada ka yi mamaki in ya ce maka lisans gare shi, takardar tana gida cikin leda a ƙasan akwati.

Wannan ne ya sa tambaya ɗaya ta ƙi barin bakin matasa a fada-fada, a wurin shan shayi da kuma a wayoyin da ake bugowa daga Libiya da Aljeriya: shin karatun jami'a yana ƙara wa mutum damar samun aiki kuwa? Tambayar ba ta wasa ba ce. Ƙannen da ke shirin jarrabawar BAC suna saurare, kuma da abin da suka ji za su yanke shawarar ci gaba ko ajiye biro. Yayyen da ke ci-rani, waɗanda da guminsu ake biyan kuɗin rajista da na haya, su ma suna lissafi.

Amsarmu ita ce: eh, yana ƙarawa. Sai dai tsakanin takarda da aiki akwai hanya mai tsawo, hanya ta gaske mai kwalta da ramuka da kuɗin mota, kuma ɗan talakan da ya taso a gari irin Gidimuni shi ne ya fi kowa biyan kuɗinta. Idan ana son digiri ya yi amfani, wannan hanyar ce ya kamata a gajarta.

Mu fara da abin da ba a musu a kansa. Babu wanda zai zama likita a babban asibitin Damagaram, ko alƙali, ko injiniya, ko malamin lise, ba tare da takardar babbar makaranta ba. Sanarwar neman ma'aikata da ƙungiyoyin agaji da bankuna da kamfanonin waya suke fitarwa kusan kullum tana farawa ne da sharaɗin shekara uku ko biyar na karatu bayan BAC. Wanda ba shi da wannan, ko ƙofar ba zai gani ba. Matsalar ita ce ƙofofin kaɗan ne, masu ƙwanƙwasawa kuma kullum ƙaruwa suke.

Iyayenmu sun san wani zamani dabam. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai a 1960, masu ilimin boko ba su da yawa, gwamnati ce take jiran ɗalibi ya kammala ta tura shi wurin aiki. Jami'a ɗaya ce a ƙasar, ta Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970. Wannan tsari ya rushe da matsin tattalin arziki da tsuke bakin aljihun shekarun 1980 da 1990, lokacin da aka taƙaita ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama 'yan kwantiragi, har suka zama su ne mafi yawan masu koyarwa a makarantun firamare. A ɗaya ɓangaren kuma jami'o'i sun yawaita: an kafa ta Damagaram da ta Maraɗi da ta Tawa a 2010, aka ƙara da na Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi a 2014. Abin alheri ne da ɗan Damagaram zai iya karanta likitanci ko ilimin labarin ƙasa a jami'ar da yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya rubuta tarihin wannan masarauta. Amma an buɗe ƙofar shiga aji da faɗi, ta fita zuwa aiki kuwa aka bar ta yadda take.

Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar, da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su wuce shekara 15 ba. Lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamban 2011, matasa da yawa sun ɗauka wahala ta ƙare. Matatar tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma aikin matata na injuna ne da ƙwararru ƙalilan, ba gonar da za ta kwashi dubban hannaye ba ce. Ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni, ko an haɗa su gaba ɗaya, ba za su ɗauke ko kashi kaɗan na matasan da ke isa shekarun aiki kowace shekara ba. Akasarin mutanen wannan yanki da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke ci, kuma haka abin zai kasance na tsawon lokaci.

To, a cikin waɗannan 'yan gurabe, wa yake samu? A nan ne maganar hanya ta shigo. Mu bi sawun yaro ɗan Gidimuni da ya ci BAC. Garinsu yana kan babbar hanyar ƙasa, fiye da kilomita 60 gabas da Damagaram. Ba tafiyar da za a yi kullum a je aji a dawo ba ce, don haka sai ya nemi wurin kwana: ɗakin ɗalibai in ya dace, ko zauren wani ɗan uwa, ko haya da abokai huɗu a ɗaki ɗaya. Ɗan birni yana cin tuwon gidansu ya tafi aji. Shi kuwa kowace loma da kowace jarkar ruwa saye yake. Idan tallafin karatu ya yi jinkiri, abin da ya sha jawo yajin ɗalibai a ƙasar nan, sai ya ari babur ya yi kabu-kabu da yamma. Idan yajin aiki ya sa shekarar karatu ta hau kan wata, lisans ɗin shekara uku ya koma huɗu ko biyar, kuma kowace shekarar da ta ƙaru buhun hatsi ne da awaki daga gidan ubansa.

Ranar da ya karɓi takarda, sai wata tafiyar ta soma. Akwai hidimar ƙasa ta shekara biyu, wadda samun gurbinta ma sai an jira. Akwai zaman koyon aiki a ofis, wanda sau da yawa ba a biyan ko dala, alhali kullum sai ya biya kabu-kabu zuwa da dawowa, ya sa tufafi masu tsabta, ya sayi katin waya. Wanda mahaifinsa ke da albashi zai iya yin wata shida yana aikin kyauta har a saba da fuskarsa. Wanda ake jiran ya aiko da kuɗin cefane ba zai kai wata biyu ba. Idan gurbi ya buɗe, sai a ce ana son mai gogewa, gogewar kuma tana hannun wanda ya iya jure aikin kyauta.

Sai haɗa takardun neman aiki: takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda ba a karɓarta in ta wuce wata uku, takardar likita, kwafe-kwafen da sai an buga musu hatimi an manna tambarin kuɗi. Kowace gasar ɗaukar aiki da sabon zagaye. Ga mazaunin birni wannan zirga-zirgar safiya ɗaya ce ko biyu. Ga ɗan ƙauye kuwa kuɗin mota ne zuwa birni, a ce masa mai sa hannu ba ya nan, ya dawo jibi.

Sannan ga Yamai, mai nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram. Motar da ta tashi kafin asuba sai dare take isa. Gaskiya ne ana rubuta wasu jarrabawoyin ɗaukar aiki a manyan biranen jihohi, kuma wannan ci gaba ne. Amma ma'aikatun ministoci da hedikwatar bankuna da ta kamfanoni da ta ƙungiyoyin agaji duk a Yamai suke. Can ake jin labarin gurbi kafin a manna shi a allo, can ake bin sawun takardu, can ake haɗuwa da wanda ya san wani. Birnin da ya riƙe matsayin babban birnin ƙasa har zuwa 1926, yau 'ya'yansa sai sun yi tafiyar wuni guda cur kafin su ji inda aka kwana a kan takardunsu. Kano ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma takardar da aka rubuta da Faransanci ba ta da kasuwa sosai a can, kuma su ma matasan Kano masu digiri suna kan adaidaita suna jiran nasu rabon.

Ko wanda ya dace ya samu aikin, hanya ba ta sake shi ba. Mu yi lissafi mai sauƙi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, wato sefa 42,000. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499. Ma'aikacin da babur ɗinsa ke shan lita ɗaya tak a rana, cikin kwanakin aiki 26, ya ƙona kusan jika 13, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi, kafin a yi maganar faci da baƙin mai da kuɗin makanike. Malamin kwantiragin da aka tura wani ƙauye a bayan Gidimuni zaɓi biyu gare shi. Ko ya tare can, ya bar iyalinsa a birni, ya riƙe tukunya biyu da ɗan alawus ɗin da kan zo a makare; ko ya riƙa zirga-zirga, ya iso aji a gajiye ranar Litinin da hantsi, ya fara duban hanya tun ranar Alhamis. Waɗanda ke biyan sauran kuɗin su ne yaran ajinsa, kuma su ne za su zo jarrabawa gobe da rabin karatu.

Ga 'ya mace hanyar ta fi tsawo. Iyaye da yawa da suka yarda 'yarsu ta yi karatu har jami'a ba za su yarda ta kwana a gidan da ba su sani ba a Yamai don jiran sakamakon tantancewa, ko ta yi ta hawa bayan babur zuwa ƙauyen da ba shi da masaukin ma'aikata. Ba a hana ta aiki da baki ba, amma nisa ya hana ta. Ga shi kuwa asibitocin karkara ungozoma da ma'aikaciyar jinya mace suke nema ido rufe.

Saboda haka idan matashi ya ce digiri bai yi masa rana ba, ba ƙarya yake ba, kuma bai kamata a rufe masa baki da wa'azin haƙuri ba. Inda muka rabu da masu cewa boko ɓata lokaci ne shi ne a kan abin da suke ba ƙannenmu a madadinsa. Ɗan kabu-kabu yana shiga gida da kuɗi kullum, gaskiya ne, amma jarinsa ƙarfin jikinsa ne da lafiyar babur. Haɗari ɗaya ko rashin lafiyar mako biyu sun isa su mai da shi farko. Masu sayar da fetur ɗin ruwa-ruwa a kwalabe sun ga yadda sana'arsu ta girgiza lokacin da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin wannan shekarar. Hanyar hamada kuwa, wannan jiha ta san kuɗinta: a watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Yaron da ya bar aji don ya ga yayansa mai lisans yana zaune, waɗannan ne zaɓin da ke jiransa, kuma ya shige su ba tare da abin komawa ba.

Akwai kuma kuskuren da mu masu takardun muke yi, na auna amfanin karatu da kujerar ofis kaɗai. A koma Gidimuni a duba. Tafkin garin yana cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2019. A gefensa ana noman rani, ana kamun kifi, ga dabino ga rake ga rogo. A lokaci guda ciyawar kacala tana cin ruwan, rairayi yana matsowa, kayan lambu kuma duk sukan nuna a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi, abin da bai samu mota ba ya ruɓe. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli aikin mai ilimi ce: wanda ya san auna ruwa da ƙasa, wanda ya iya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar manoma, wanda zai nemo mai saye a Damagaram ko Diffa kafin a cire kabejin, wanda ya iya gyaran famfo mai aiki da hasken rana. Damagaram ta yi suna a zamanin Sarki Tanimun da fatauci da jima da ɗinkin fata, ba da ofisoshi ba. Sai dai faɗin haka yana da sauƙi. Matashin da ya fito jami'a ba shi da fili, ba shi da jari, banki kuma ba ya karɓar digiri a matsayin jingina. Wanda duk ya ce masa ya koma gona ba tare da ya nuna masa gonar da kuɗin iri ba, ya sallame shi ne kawai cikin ladabi.

Don haka muna kira ga hukumomi da su fara da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa. A ba mai neman aiki damar ajiye takardunsa a ofishin magajin garinsu ko ta waya, kuma kada a nemi takardun da ke cin kuɗi sai daga wanda ya riga ya ci jarrabawar. A riƙa yin tantancewa ta baki a manyan biranen jihohi. Hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta riƙa kai sanarwar gurabe gidajen rediyon karkara da Hausa, tunda kundin da aka amince da shi a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. A wajabta wa duk ofishin da ya karɓi mai koyon aiki ya biya shi aƙalla kuɗin mota. Malami da ma'aikacin lafiyar da aka tura karkara a ba su masauki, a biya su a kan lokaci, a kuma fifita ɗan yankin in yana da takardar da ake nema, domin shi ba ya bukatar mota kafin ya isa aji.

Jami'ar André Salifou ita ma da nata. Ya kamata ta bi sawun ɗalibanta, ta riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara nawa ne suka samu aiki a kowane fanni, a ina, bayan wata nawa. Uban da zai sayar da sa don ɗansa ya yi rajista yana da haƙƙin ya san wannan kafin ya kai san kasuwa. Binciken kammala karatu da ɗalibai ke yi a kan tafkuna da kwaruruwan wannan jiha bai kamata ya ƙare a kan kanta ba. A kai shi gaban majalisar gari da ƙungiyoyin manoma, da harshen da suke ji. Asusun FAFPA da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi su buɗe gajerun kwasa-kwasai ga masu lisans, domin wanda ya haɗa takarda da sana'ar hannu ya fi kowa wuyar zama.

'Yan uwanmu da ke ci-rani, ku ne kuka riƙe karatun yara da yawa a wannan yanki, kuma Allah ya saka. Shawararmu ita ce kada ku tsaya a ranar bikin kammalawa. Shekarar da ta biyo bayan digiri ita ce ta fi kashe gwiwa, ita ce kuma ba wanda yake tanadar mata. Idan za a iya, a ware kuɗin wannan shekarar tun da wuri: na mota, na takardu, na zaman koyon aiki, ko na ɗan jarin farawa. Kuma kafin ƙaninku ya zaɓi fanni, ku tambaye shi wa ya sani da ya karanta shi, kuma me yake yi yanzu. 'Yan gari ɗaya da ke zaune a Yamai, in suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki guda don saukar masu zuwa jarrabawa daga garinsu, sun yi abin da wata ma'aikatar ba ta yi ba.

Matasa masu takarda a akwati kuma, babu abin kunya a kabu-kabu ko tireda ko lambu. Abin kunya shi ne zaman jiran abin da ba a san ranar zuwansa ba. Ku riƙe sana'ar, ku kuma ci gaba da ajiye takardu duk inda gurbi ya buɗe. Abu ɗaya muke roƙo: idan ƙaninku ya tambaye ku ko ya ci gaba da karatu, ku gaya masa gaskiya dukanta. Ku gaya masa hanyar tana da tsawo da tsada, ku nuna masa inda kuka yi tuntuɓe, ku taimake shi ya zaɓi fannin da ake nema, ya kuma koyi sana'a tun yana aji. Amma kada ku ce masa ya sauka.

Gobe da asuba motocin Gidimuni za su sake lodi, malamin zai sake ɗaure jakarsa a bayan babur. Hukumomin da ke cewa matasa su ne ƙashin bayan sake gina ƙasa suna iya fara nuna hakan da abu ƙarami: a gasar ɗaukar aiki mai zuwa, ɗan Gidimuni ya ajiye takardunsa a Gidimuni.